Me Ya Sa Labarin Kisa da na Dodanni Ke Kwantar da Hankali?

Wata baiwar Allah ta yi tambaya kamar haka: tana wuni a wurin aiki, ta dawo gida liƙis, amma da zarar ta kwanta sai tunani ya taso mata, barci ya ƙi zuwa. Abokiyar aikinta ta ba ta shawara ta riƙa karanta littattafan binciken laifi, irin waɗanda ake neman wanda ya yi kisa, ko na almara masu dodanni da ƙasashen da babu su a duniya. Ita kuwa ta kasa gane yadda labarin gawa zai hutar da mutum, kuma tana ganin kamar ɓata lokaci ne ga babba mai iyali. Da gaske suna hutarwa? In haka ne, da wanne za ta fara?

'Yar'uwa, shawarar da aka ba ki mai kyau ce, sai dai ba a ƙarasa miki ita ba. Littattafan nan suna hutarwa ƙwarai, amma ba kowanne ba, kuma ba a kowane dare ba. Akwai wanda za ki karanta shafi 20 ki ji jikinki ya saki, akwai wanda zai kai ki asuba ido biyu, zuciya na dukan uku-uku. Koyar da adabi ne aikina, na kuma daɗe ina haɗa masu karatu da littafin da ya dace da su. Bari in warware miki yadda abin yake, ke da kanki sai ki zaɓa.

Ki fara duba irin gajiyar da ke damunki. Jiki ya gaji, amma ƙwaƙwalwa ba ta tashi daga aiki ba. Tana nan tana juya maganar da shugabanki ya yaɓa miki da rana, da saƙon da ba ki amsa ba, da lissafin da ya ƙi daidaituwa, da abin da za ki tarar gobe. Abu ɗaya ya haɗa su duka: babu wanda za ki iya warwarewa a daren nan, a kan gadon nan. Ƙwaƙwalwa kuwa kamar dutsen niƙa take, in ba a zuba mata hatsi ba sai ta hau cin kanta. Shi ya sa a ce wa mutum "ki daina tunani ki yi barci" ba ya tsinana komai. Ba ta tsayawa don an ce ta tsaya, sai dai a ba ta wani abin. Littafi mai kyau yana miƙa mata matsalar da ta isa ta cika ta, wadda ba taki ba ce, wadda kuma aka yi miki alkawarin tana da ƙarshe. Ki riƙe waɗannan sharuɗɗa uku, da su za ki riƙa auna duk littafin da ya zo hannunki.

Wani masanin halayyar ɗan Adam a Afirka ta Kudu, Victor Nell, ya yi shekaru yana nazarin masu karatun nishaɗi, ya fitar da sakamakonsa a 1988. Ya gano cewa idan mutum ya nutse cikin labarin da yake so, jikinsa ba ya mutuwa kamar yadda ake zato. Na'urorin awo sun nuna jikin a farke yake. Saukar tana zuwa ne bayan an rufe littafin, kuma shi Nell yana ganin a nan daɗin karatun kwanciya yake. Ya kuma lura masu karatu suna rage gudu idan suka iso shafukan da suka fi so. Wato hutun daga tattara hankali wuri guda yake fitowa. Nan ne ya bambanta da latsa waya: cikin minti goma kin ga abu hamsin, kowanne ya taɓa ki kaɗan ya wuce, babu wanda ya riƙe ki har tunanin ofis ya sake ki.

To ga batun gawar da ta ɗaure miki kai. Labarin neman mai kisa tsohon abu ne. A Dare Dubu da Ɗaya akwai hikayar tuffa uku: masunci ya jawo akwati a kulle daga kogin Dijla, Halifa Haruna Rashid ya saya, aka buɗe aka tarar da gawar wata mata an daddatsa ta, Halifa ya ba wazirinsa Ja'afaru kwana uku ya nemo wanda ya yi ko shi a kashe shi. Amma Ja'afaru bai binciki komai ba. Wanda ya yi kisan ne ya fito ya amsa da bakinsa, sauran kuma sa'a ce ta ƙarasa. Labarin bincike irin na yau, wanda lura da aiki da hankali ke tono gaskiya, an fi danganta farkonsa ga Edgar Allan Poe na Amurka, da wani gajeren labari da ya buga a 1841. Sherlock Holmes, mai binciken da Arthur Conan Doyle ya ƙaga, ya biyo baya a 1887.

Zamanin da ya fi yi wa mai neman hutu rana shi ne tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. A 1920 Agatha Christie ta fitar da littafinta na farko, ta ci gaba har ta rubuta 66 na bincike. Ki dubi su wa suka fara rububin waɗannan littattafai: mutanen da suka fito daga yaƙin da ya ci miliyoyin rayuka, gidaje bila adadin da wanda ya tafi bai dawo ba. Sun ga mutuwar da ba ta da dalili, ba ta da mai amsa laifi. Sai ga littafi da ya ɗauki mutuwar mutum ɗaya da muhimmanci, ya tara mutum goma a gida guda, ya bi diddigi har aka san wa ya yi, don me, da ƙarfe nawa. Wata mai nazarin adabi a Ingila, Alison Light, ta kira su adabin masu murmurewa daga ciwo, kuma a ganina ta faɗi daidai. Ita kanta Christie ta yi aiki a ɗakin haɗa magunguna na asibiti lokacin yaƙin, can ta san guba, shi ya sa kisan da ke littattafanta sau da yawa babu jini a ciki.

Marubutan wannan zamani har dokoki suka gindaya wa kansu. A 1929 wani limamin Katolika, Ronald Knox, wanda shi ma yana rubuta irin labaran, ya jera guda 10. Daga ciki, dole mai laifin ya zama wanda aka ambata tun farkon labari. Ba a yarda a warware matsala da aljani ko wani abu na gaibu ba. Ɗakin ɓoye ko ƙofar sirri kada ta wuce ɗaya. Duk alamar da mai bincike ya gani sai an nuna wa mai karatu. An sha karya dokokin, amma amanar da ke ƙarƙashinsu ta zauna: marubuci ba zai cuce ki ba, duk abin da kike buƙata don gano gaskiya yana gabanki a takarda.

Bari in nuna miki yadda ake yi, da misalin da na ƙaga. A ce an tarar da wani attajiri a mace a ɗakin karatunsa, iyalinsa sun ce ya shiga da ƙarfe tara zai yi karatu. Mai bincike ya shiga, marubuci ya lissafa abin da ke kan tebur: littafi a buɗe, kofin ruwa saura rabi, tabarau a cikin gidansa, agogon hannu, da makullin durowa. Kafin ki sauke ido daga jerin, sai mai aikin gidan ta kurma ihu ta zube a bakin ƙofa, kowa ya yi kanta, ke ma hankalinki ya bi ta. Alhali shafi 40 da suka wuce, ana hira a falo, 'yar marigayin ta tsokane shi cewa ko sunansa ba ya iya karantawa sai da tabarau. Littafi a buɗe, tabarau a rufe. Ashe ba karatu yake yi ba, wani ne ya buɗe littafin ya ajiye don a ɗauka haka, kuma wannan wanin bai san da maganar tabarau ba. An nuna miki, an sa shi na uku a jeri inda ido ke wucewa da sauri, sannan aka tayar da hayaniya a kansa. Wataƙila ki kama, wataƙila ya wuce ki sai a babin ƙarshe ki dafe kai ki ce ai kuwa na gani. Ko wanne ya faru kin ci riba, don duk tsawon lokacin da kike lissafin su wa ke falon a ranar, wa kuma ba ya nan, maganar shugabanki ba ta da wurin zama a ranki.

Ita gawar, a irin wannan littafi, ba a daɗewa a kanta. Yawanci ba a barinki ki shaƙu da mamacin, ba a kwatanta rauni dalla-dalla, lulluɓe shi ake yi a fita da shi a shiga tambayoyi. Abin da ake ba ki tsari ne: gida ya hargitse, an bi a hankali, komai ya koma mazauninsa. A rayuwa sau nawa aka yi miki abu ba ki taɓa sanin wanda ya yi ba, ko kin sani amma ya sha? A nan ana sani, kuma a gaban kowa ake faɗa.

A nan nake so ki yi hattara, don masu sayar da littattafai da manhajojin karatu sukan haɗa abubuwa mabambanta ƙarƙashin suna ɗaya. Akwai labarin tsere da farauta, inda aka sace yaro ana ƙirga sa'o'i, ko mai kisan ɗauki-ɗai-ɗai yana bin sawun jarumar labari. An gina shi ne musamman don ya hana ki ajiyewa: babi gajere, kowanne ya ƙare da wuƙa a wuya. Akwai reshen da ya taso a Amurka a hannun su Dashiell Hammett da Raymond Chandler, rubutu mai kyau matuƙa, amma duniyarsa ruɓaɓɓiya ce, a gano mai laifi kuma gari ya ci gaba da ruɓewa. Sannan ga labaran kisan da ya faru da gaske. Waɗannan ba na ba mai fama da rashin barci shawararsu ko kaɗan, don abin ya faru da mutum mai uwa da uba, ƙwaƙwalwarki kuma ta san zai iya faruwa da ke, sai ki tsinci kanki kin tashi duba ko an kulle ƙofa. Hanya mai sauƙi ta rarrabewa ita ce ki karanta bayanin da ke bangon baya. In tambayar littafin "wa ya yi?" ce, naki ne. In kuwa "za ta tsira?" ce, ki bar shi sai ranar hutu da rana tsaka.

Almara kuma ta wata hanya take bi, nisa take ba ki. Littafin bincike yana nan cikin duniyarmu ta rabon gado da bashi da kishi, in rigimar dangi ce ke cin ranki kina iya tarar da ita a shafi na 30. Almara tana ɗauke ki ta kai ki inda babu ofis babu waya, inda damuwar mutane ita ce ko za su tsallake dutse kafin ƙanƙara ta rufe hanya. Wanda ya karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da ya fito a 1934, ya riga ya san hanyar: tafiya ce ta neman ruwan da zai warkar, har cikin ƙasar aljanu. A kan wannan ƙashi aka gina da yawa daga manyan littattafan almara na duniya, mutum ya bar gida neman wani abu, ya sha wuya, ya dawo ba yadda ya tafi ba.

Zargin da kike yi wa kanki, cewa wannan gudun gaskiya ne da bai dace da babba ba, an yi wa marubucin almara J.R.R. Tolkien shi tun kafin a haife mu. Malamin harsuna ne a jami'ar Oxford, ya kuma yi yaƙi a fagen Somme a Faransa a 1916, inda ya rasa abokai na kusa. A wata lacca da ya gabatar a jami'ar St Andrews a 1939, wadda aka faɗaɗa aka buga a 1947, ya ce masu sukar suna rikita abu biyu ne: fursunan da ya tsere daga kurkuku, da sojan da ya gudu ya bar fagen daga. Wanda aka kulle, in ya yi tunanin wani abu ban da bango da mai gadi, bai yi laifi ba. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari, kuma ga ma'aunin da nake ba mutane: ki dubi yadda kike bayan kin rufe littafin. In kin tashi da safe kin fi haƙuri da yaranki, kin fi iya tunkarar aikin da ke jiranki, hutu kika yi, kuma babba ya fi kowa buƙatarsa. In kuwa littafin ya zama maɓoyarki daga takardar da ya kamata ki cike tun makon jiya, ko maganar da ya kamata ki yi da maigidanki, wannan wata matsala ce daban da sai kin fuskance ta.

Sai dai shiga almara yana da ɗan wuya. Shafuka 50 na farko aiki ne: baƙin sunaye, taswira, sarautu, da dokokin sihirin ƙasar. Gwanin marubuci ba ya zaunar da ke ya yi miki lacca. A ce yarinya ce mai iya kiran ruwan sama, amma duk kiran da ta yi sai ta manta mutum ɗaya da ta sani. Gwani ba zai faɗa miki haka kai tsaye ba. Zai nuna miki ta fito washegarin da aka yi ruwa, wata dattijuwa ta rungume ta tana kiranta da sunan da 'yan gida kaɗai suka sani, yarinyar ta tsaya tana murmushin ladabi irin wanda ake yi wa baƙo. Dattijuwar ta sake ta a hankali, ta dubi ƙasar da ke jiƙe, ba ta ce uffan ba. Kin gane dokar, kin gane abin da take ci, daga nan kuma duk sa'ad da fari ya matso a labarin cikinki zai ɗuri ruwa. In kika buɗe littafi kika tarar da shafi goma na tarihin sarakuna kafin wani ya buɗe baki, ki ajiye shi, ba na mai gajiya ba ne.

Matsala ta biyu tsawo ne. Jerin almarar Robert Jordan da aka fara a 1990 ya kai manyan littattafai 14, marubucin ya rasu a 2007 bai gama ba, sai Brandon Sanderson ya ƙarasa a 2013. Na George R.R. Martin an fara shi a 1996, na biyar ya fito a 2011, masu karatu suka shiga jiran na shida shekara da shekaru, ga shi kuma cike yake da cin amana da kashe waɗanda kika fi ƙauna. Masoyansu na da hujja, amma ga mai neman hutu alkawarin ƙarshe ya yi nisa da yawa. Ki nemi littafin da ke tsaye da ƙafarsa. The Hobbit na Tolkien, na 1937, daga labarin da yake ba 'ya'yansa ya samo asali, shi ya sa yake tafiya sumul. A Wizard of Earthsea na Ursula Le Guin, na 1968, gajere ne kuma harshensa a natse yake.

To wanne za ki ɗauka? Ga yadda nake rabawa, daga abin da na gani wurin masu karatu. In ranar ta rikici ce, abubuwa sun cakuɗe, an yi miki rashin adalci ko an ɓoye miki wani abu, littafin bincike ya fi, don tsari ranki ke nema. In kuwa ranar ƙunci ce, abu ɗaya kika wuni kina maimaitawa har kika ji duniya ta matse, almara ta fi. In kin gaji har ba kya iya riƙe sunaye, kada ki fara sabuwar duniya a daren, ki koma wurin mai binciken da kika riga kika saba da shi. A nan jerin littattafan bincike ya sha bamban da na almara: mutum ɗaya ne, halinsa ɗaya, amma kowane littafi da nasa ƙarshen. Georges Simenon na Beljiyam ya rubuta 75 a kan Maigret, ɗan sandan bincike na Faransa da ya ƙaga, tsakanin 1931 da 1972, gajeru ne, kuma Maigret ya fi damuwa da fahimtar mutane a kan farautarsu. Alexander McCall Smith ya fara nasa jerin a 1998 da wata mata mai ofishin bincike a Botsuwana, inda yawancin ƙararrakin ma ba na kisa ba ne, miji ne ya ɓace ko ana zargin wani da algus. Ga mai tsoron gawa, nan ne ya fi sauƙin farawa.

Kada kuma ki raina maimaita littafin da kika taɓa karantawa. Mutane na ganin labarin bincike ya mutu da zarar an san ƙarshensa. A 2011 wasu masana biyu a jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, Jonathan Leavitt da Nicholas Christenfeld, sun ba ɗalibai gajerun labarai 12, har da na bincike, wasu an tona musu ƙarshen tun kafin su fara. Waɗanda aka tona wa sun ɗan fi jin daɗin labaran. Nazarin da ya biyo baya bai zo da sakamako iri ɗaya ba, don haka ba doka ba ce, amma ya dace da abin da masu karatu suka daɗe da sani. A karatu na biyu gwanintar marubuci kike kallo, kina ganin inda ya ajiye kowace alama, ba tare da zumuɗin da ke korar barci ba. A daren da hankali ya fi tashi ni tsohon littafi nake ba da shawara.

Game da barcin kansa, an yi wani gwaji da aka shirya daga ƙasar Ailan, aka buga sakamakonsa a 2021. An raba mutum 991 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu su yi karatu a gado dare 7, wasu kada su yi. Kashi 42 cikin 100 na masu karatun sun ce barcinsu ya gyaru, a ɗaya ɓangaren kashi 28. Abin da mutane suka faɗa da bakinsu ne, kuma mako ɗaya ne kacal, amma alama ce mai kyau. Ki lura dai ba kowa ne ya amfana ba. Sai batun haske. A wani gwaji a Boston da aka buga a 2015, mutum 12 sun yi karatu a kwamfutar hannu mai haske na sa'a 4 kafin barci, dare 5 a jere, aka kwatanta da karatun takarda. Da kwamfutar, sinadarin melatonin mai kiran barci ya ragu, barci ya yi jinkirin kusan minti 10, da safe kuma sun fi jin kasala. Sa'a 4 ta wuce abin da yawancin mutane ke yi, amma duk da haka takarda ta fi. In waya ce kaɗai gare ki, ki rage haske ki kashe data, don a ganina saƙon da zai faɗo a tsakiyar babi ya fi hasken illa.

Akwai wata 'yar dabara da nake ganin ta fi duk waɗannan amfani: kada ki tsaya a ƙarshen babi. Nan ne marubuci ya ɗana tarkonsa, ya sa aka ƙwanƙwasa ƙofa ya yi shiru don ki juya shafi. Ki wuce, ki shiga babi na gaba da shafi biyu ko uku, ki ga wanda ya ƙwanƙwasa, sannan ki tsaya inda ake kwatanta hanya ko ana zaune ana hira. Idan kuma ya rage shafi 60 a gama littafin bincike, kada ki taɓa shi da dare in kina da aiki gobe, babu mai iya ajiye shi a nan. Ki adana ƙarshen sai ranar da ba kya fita. Kuma don Allah kada ki mayar da abin wani aikin. Ba dole sai kin riga mai bincike gano mai laifi ba, ba dole sai kin haddace taswira ba, littafin da kika ba shafi 50 bai kama ki ba ki sauya wani.

Abu ɗaya da ya zama dole in faɗa miki a fili: littafi ba magani ba ne. Idan rashin barcin ya kai dare 3 a mako har tsawon wata 3, yana kuma taɓa aikinki da rana, likitoci suna ɗaukarsa ciwo ne mai zaman kansa da ke da hanyar magancewa. Haka nan in tunanin yana zuwa da faɗuwar gaba ko baƙin cikin da ya ƙi tafiya. Ki ga likita, karatun ya ci gaba a gefe.

Da za ki bar min zaɓin farko, da gajerun labaran Sherlock Holmes zan fara da ke. Guda 56 ne, kowanne ana gama shi a zama ɗaya, da yawansu babu kisa a ciki, takarda ce ta ɓata ko wani baƙon al'amari ya sami mai shago, kuma saboda tsufansu ana samunsu kyauta a intanet. Turancinsu na da ne, shafukan farko za su ɗan yi nauyi kafin ki saba. Ki yi mako guda kina karanta ɗaya kowane dare, mako na biyu ki gwada The Hobbit, ki ga wanne ya fi karɓar ki. In bincike ne, ki wuce wurin Christie, amma ki fara da littattafan Miss Marple, tsohuwar ƙauye mai saƙa da lura da halin mutane. And Then There Were None na 1939 kuwa ki ajiye shi sai kin sami ranar hutu, don shi kam yana cikin masu hana barci.